Farfesa ya kai Bajamushe yawon tarihi

A teburin mai shayin bakin layinmu, nan Unguwar Rogo, ba a kirana da sunan yanka. Farfesa ake ce mini. Iyakacin alaƙata da jami'a shi ne ina wucewa ta ƙofarta a mota, amma na shekara talatin ba na barci sai da rediyo a kunne, kuma Allah ya hore mini murya. Duk wanda ya haɗa waɗannan biyun, a majalisa ya gama digiri. In gardama ta kaure kan shekarar da katangar Berlin ta faɗi, ni ake waiwaya. Sai na kurɓi shayi, na bari an ɗan matsu, sannan in ce 1989, kowa ya yi tsit. Abin da na sani in faɗa a hankali, wanda ban sani ba in ɗaga murya.

Jamus kuwa ai gida ce. Tun ina saurayi nake sauraron Sashen Hausa na DW, wanda ya fara magana da harshenmu a 1963, kafin a haife ni. Na san Bonn, na san Berlin, ina iya jero shugabannin gwamnatinsu tun daga Helmut Kohl ba tare da na numfasa ba. Saboda haka ranar da ɗan yayata da ke karatun injiniya a can ya kira ni, ko ɗar ban ji ba.

"Kawu, wata alfarma nake nema. Maigidan da nake haya a wurinsa, dattijo ne, tsohon malamin makaranta, zai zo Jos bikin wani tsohon ɗalibinsa. Yana da yini guda da ba abin da zai yi, kuma mutum ne mai son tarihi kamar me. Na ce masa kawuna ya san Jos kamar yunwar cikinsa."

"Ba ka yi ƙarya ba," na ce.

Uwargida tana gefe tana tsintar shinkafa. Da na ajiye waya, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Malam, kai da ko gidan zu ba ka taɓa kai yaran nan ba?" Na ce mata tarihi a ka yake zama. Tsakani da Allah, rabona da gidan tarihin Jos tun muna aji biyar a firamare, kuma abin da na riƙe daga wannan ziyara shi ne biri ya fizge mini ƙullin gyaɗa a gidan zun da ke maƙwabtaka.

Ranar Asabar ce, tsakiyar Disamba, hunturun Jos yana yankan kunne. Na sa suwaita, na ɗora babbar rigata ta Sallah fara ƙal, na kafa zanna bukar, na zura sabon takalmi sau-ciki wanda ƙasa ba ta taɓa gani ba. Na sa yara suka wanke mota har taya. Na tarar da baƙona a ƙofar masaukinsa tun kafin lokaci, dogo siriri, gashi fari fat, da gajeren wando da sandal da safa. Ni haƙorana na haɗuwa, shi yana cewa a garinsu in aka sami rana irin wannan fita ake yi shan iska. Turanci muke yi, nasa na littafi, nawa na rediyo.

Kafin mu tashi ya zaro mini tsaraba daga jaka: littafi mai kaurin bulo, da Jamusanci. Ya ce tarihin ƙauyensu ne, ƙungiyarsu ta tsofaffi ta rubuta. Sunan ƙauyen sau huɗu ya maimaita mini, harshena ya ƙi ɗauka, na koma gyaɗa kai. Na tambayi yawan mutanensu, ya ce har da jarirai ba su cika ɗari biyar ba. Na yi lissafi a zuci. Ɗaurin auren 'yata ta fari ya fi haka jama'a, kuma ko katin gayyata ba mu adana ba.

Ya dinga buɗe mini shafi-shafi a kan bonet. Ga cocinsu, ga ƙararrawarta da shekarar da aka zuba ta da sunan maƙerin. Ga rijiyar dandali. Ga wata tsohuwar bishiya da dattawa ke zaman shari'a a gindinta a zamanin da, kamar dai durumin ƙofar fada. Ga ɗakin gasa burodi na gari duka, inda mata ke jefa ƙuri'a a san wadda za ta fara hura tanderu. Ga babi guda kan yaƙin shekara talatin, 1618 zuwa 1648, lokacin da sojoji da annoba suka share gidajen ƙauyen sai 'yan tsiraru. Ga sunayen waɗanda talauci ya kora Amurka a ƙarni na 19, kowa da shekarar tafiyarsa. Ya ce daga kundin coci suka tsamo yawancin wannan, domin ɗaruruwan shekaru ke nan ba a haihuwa, ba a aure, ba a mutuwa a garin sai limaminsu ya rubuta. Har saniyar da aradu ta faɗa wa tana da layi biyu.

Na rufe littafin, na ce masa da muryar majalisa, rijiya da bishiya da tanderu ai kowane ƙauye namu yana da su, yau zai ga tarihi na gaske. Ya yi murna ƙwarai. Ya fito da ɗan littafin rubutu, da fensir, da kilina sabuwa fil, fara, mai kusurwa huɗu. Ku riƙe zancen kilinar nan.

Da gidan tarihi muka fara. A bakin ƙofa ya tambaye ni yaushe aka buɗe shi, na ce tun zamanin Turawa, amsar da ba ta taɓa kunyata ni ba. Ya duba wata takarda a aljihu ya ce 1952, Bernard Fagg. Na ce abin da ke bakina ke nan.

A ciki muka tsaya gaban wani kan mutum na yumɓu a cikin gilashi. Idanunsa masu kusurwa uku, an huda ƙwayar kowanne, an huda hanci, gashi an tufke shi cunku-cunku kamar na amarya, leɓe a ɗan buɗe kamar zai yi magana ya fasa. Da ma ni ne na fasa.

"Wannan," na ce, "aikin maginan tukwanenmu ne na Nok, nan bayan Bukuru. Zai yi shekara ɗari biyu, in bai fi ba."

Fensir ya kama aiki. Wani ma'aikacin gidan da ke tsaye bayanmu ya yi gyaran murya, ya matso kusa da kunnena cikin ladabi.

"Alhaji, a ƙara sifili ɗaya."

"A ina?"

"A ƙarshe. Kuma Nok ƙauye ne a ƙasar Jaba, jihar Kaduna."

Baƙona ya tsinci kalmar Kaduna, ya ɗago. Sai ga shi yana ba ni haƙuri, wai shi ma ya yi mamaki, amma ya ɗauka wani sabon bincike ne ya fito wanda bai ji ba. Ashe mutumin nan ya ga irin waɗannan kawuna a Frankfurt a 2013, lokacin da aka baje kolinsu a can, kuma abin da ya sa masa kwaɗayin zuwa Jos ke nan. Masana daga jami'ar Frankfurt sun fara tono a yankin Nok a 2005, tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasarmu, kuma a lissafinsu mutanen sun fara zama a wurin kimanin shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Duk wannan ya faɗa mini a hankali, kamar mai tuna wa babba abin da ya sha'afa. Sannan ya sa kilina. Ƙarar kilina a kan takarda ba ta da yawa, amma a ɗakin da ya yi shiru har cikin ƙashi ake jin ta.

Ma'aikacin ya karɓi ragamar bayani, ni kuma na koma gyaɗa kai kamar mai duba aikin ɗalibi. Ya ce masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da irin wannan yumɓu a kusa da Nok a 1928. A 1943 kuma aka kawo wa Fagg wani kai daga wajen Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya tsinta, ya kai gonar doyarsa ya kafa a matsayin mutum-mutumi, ya shekara yana yi masa gadi. Na ji mutumin nan ya kwanta mini a rai. Shi ma ya zauna da tarihi bai san shi ba, sai dai shi ya ci doya.

Da muka fito fili, sai na hango ta: ganuwa ta jar ƙasa, doguwa, mai kauri, da ƙofa. Zuciyata ta yi fari. Yumɓu ya kayar da ni, amma ganuwa ai tamu ce, Bahaushe ba ya neman tafinta a gaban ganuwa. Na gyara babbar riga, na ja shi har gindinta, na dafa ta da tafin hannu. Na ce masa wannan ita ce tsohuwar ganuwar Jos. Na ba shi dawakai, na ba shi 'yan baka a kan soro, na ba shi shekara bakwai ana gini, na ba shi wani sarkin yaƙi da ya kwana arba'in a bakin ƙofar nan bai runtsa ba. Ni kaina na fara jin tsigar jikina na tashi. Fensir har gudu yake.

Akwai 'yan makaranta da aka kawo yawon buɗe ido, suna tsaye a layi kusa da mu. Wata 'yar yarinya, hijabinta har gwiwa, ba za ta wuce shekara tara ba, ta ja mini hannun riga.

"Baba, malaminmu ya ce ganuwar Kano ce aka kwaikwaya."

"Wane malamin?"

Ta nuna shi. Yana tsaye yana kallon sama kamar mai neman jinjirin wata, kafaɗunsa na rawa.

Wurin ashe gidan adana gine-ginen gargajiya ne, an gina shi a shekarun 1970 ƙarƙashin wani masanin zanen gini ɗan ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, wanda ya zaga Najeriya yana auna gine-ginenmu na ƙasa. Har masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, an yi kwafinsa a wurin, da bakan gizonsa da komai. Na ƙirga da yatsu a cikin aljihu. Na girmi ganuwar. Sarkin yaƙina da kwana arba'in ɗinsa sun ci rabin shafi, kuma kilina ta rasa kusurwa biyu wajen binne su.

Akwai tsohon kan jirgin ƙasa da taragai a harabar, ƙanana kamar na wasan yara. Ya tsaya ya ɗauki hoto, ya dube ni. A nan Allah ya taimake ni tari ya sarƙe ni.

Na yanke shawarar a bar cikin gari, inda allo da 'yan makaranta suka yi yawa. Tunda ƙauye ya kawo mini a littafi, ƙauye zan kai shi: Naraguta, nan kan hanyar Bauchi. A hanya ya tambaye ni wa ya kafa Jos. Ko ni da ba na barin tambaya ta wuce, na san wannan ba ta cikin waɗanda ake amsawa da kofin shayi a hannu, garin nan ya sha wuya a kanta. Na nuna masa wata babbar mota da ta ɗauko kabeji za ta Farar Gada, na shiga bayanin kabeji.

Motata ƙirar Jamus ce, kuma tun safe nake yi masa gori da ita. Abin da ban faɗa masa ba shi ne allurar mai ta mutu shekara biyu da suka wuce, ni kuma na ƙi kai ta gyara, ina auna mai da ji a jiki. Mun wuce ɗakunan kwanan ɗaliban jami'a kaɗan sai ta yi tari biyu, ta yi shiru. Na buɗe bonet na tsura wa inji ido, domin haka ake yi. Shi ma ya leƙo, ya share wani ɗan ƙarfe da yatsa, ya karanta lambobi, ya faɗa mini shekarar da aka ƙera ta da garin da aka ƙera ta. Motar da na shekara goma sha ɗaya ina hawa. Sannan ya tambaya ko akwai mai.

Haka dattijo ɗan shekara saba'in da wani abu, da gajeren wando da safa, ya dafa bayan motar ƙasarsu yana turawa, ni ina ciki da babbar riga ina riƙe da sitiyari. Masu Keke suna ragewa su kalla. Wani ya leƙo ya ce, "Alhaji, duniya ta yi daɗi, Bature ne yaron motarka?" Da ƙyar muka kai wurin 'yan bumburutu, na sayi galan guda a farashin da har yau ban faɗa wa uwargida ba.

Naraguta an san ta da dukawa. Muka shiga wata rumfa, warin jima ya tare mu tun daga ƙofa, wannan ɗan tsami-tsamin na bagaruwa. Wani tsoho na zaune a kan buzu, tabarau ɗaure da zare a ƙeya, ya ɗora jar fata a kan guntun katako yana fitar da zane da 'yar wuƙa. In ya yanke ɗan gurbi sai ya zura koriyar fata ta ƙarƙashi, launi ya fito ta tagar, ya huda da basilla, ya ja zaren fata da haƙori. Tumtum yake haɗawa, yanki-yanki kamar ɓawon lemo. A bango an rataye gafaka, da alabe, da kube, da takalma. Bajamushe ya durƙusa a gabansa ya fi minti goma bai ce uffan ba. Ni kuwa shiru yana cina. Sai ya tambayi ma'anar sunan garin.

Na ce daga narka yake. Nan ake narka kuza, mutane suna cewa na narka ta, na narka ta, har baki ya lanƙwasa ta koma Naraguta. Wallahi a lokacin har burge kaina na yi.

Tsohon bai ɗago ba. "Malam, me ka ce masa? Na ji kana narka."

Na maimaita masa da Hausa, murya ƙasa-ƙasa. Ya ajiye basilla, ya sauke tabarau kan hanci, ya dube ni ta samansa.

"Sunan mutanen wurin ne, Anaguta. Iyayenmu nan suka tarar da su, ga gidajensu can gindin duwatsu. Kai ɗan ina ne?"

"Nan aka haife ni, Baba."

"Ikon Allah," ya ce, ya ɗauki basillarsa.

Daga nan aka mayar da ni tafinta, tsoho na faɗa, ina juyawa, baƙo na haɗawa da abin da ke takardarsa. Tun kafin Bature ya zo, maƙeran Liruwen Dalma da na Riruwai suna narka kuza, su zuba ta sirara-sirara kamar tsinken tsintsiya, fatake su kai kasuwanni. Waɗannan tsinkaye ne Kamfanin Neja ya gani ya biyo sawu. A 1903 Laws, wanda daga baya aka sani da Kanar Laws, ya hawo tudun nan, kuma a Naraguta Turawan kuza da na mulki suka yi zango kafin Jos ta zama gari ta shanye ta. Wato ƙauyen da nake wucewa ba na ko rage gudu ya riga garin da nake taƙama da shi ganin Bature. Bajamushe ya sayi tumtum biyu. Na so in nuna gwanintar ciniki, tsohon ya ce in bari, shi da baƙonsa sun riga sun daidaita da yatsu.

Ya haɗa mu da jikansa ya zaga da mu bayan gari. Can muka iske wani kududdufi, ruwa kore shar, kwance luf, tsibin jar ƙasa kewaye da shi. Mai hankali da ya yi shiru. Amma an kayar da ni sau uku, kuma aljanu fage ne da ba allo, ba takarda, ba mai ƙaryata ka. Na ce masa tafki ne tun na ruwan Ɗufana, kuma akwai aljana a ciki mai fitowa ranar Laraba. Ya tambaya ta wane gefe take fitowa. Na taka bakin ruwa in nuna masa.

Ƙasar ta zame kamar an ja tabarma. Ƙafar hagu ta nutse har gwiwa, ta dama ta tafi neman taimako wani wuri, na zauna daɓas a cikin jar laka. Bajamushe ya cafki hannun babbar riga, yaro ya kama ɗayan, suka ja. Na fito, takalmin hagu bai fito ba. Laka ta yi wata 'yar ƙara, ta rufe bakinta.

"Alhaji, ramin kuza ne fa," in ji yaron. "Turawa suka haƙa. Zurfinsa ya fi gidan sama."

Irinsu suna nan birjik a tudun nan, daga Rayfield har Barikin Ladi, kamfanoni sun kwashe kuza sun bar mana ramuka. Masu lambu suna jan ruwansu da inji su yi tumatir da kabeji da rani, kuma sukan ci mutum, sukan ci saniya. Ni takalmi kawai aka karɓa, na gode Allah. Ban ga ya sa kilina a wannan karon ba. Da na leƙa, ashe tun daga Ɗufana bai rubuta komai ba.

Na tuƙo mu gida da ƙafa ɗaya a safa. Uwargida ta buɗe ƙofa, ta dubi rigar, ta dubi ƙafar, ta ce wa baƙo sannu da zuwa, ta shimfiɗa tabarma. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Aka kawo masa da miyar taushe. Yana ci yana santi, sai ya yi tambayar da ta fi duk na yinin sauƙi: mutanen gidanmu yaushe suka zo Jos?

Na buɗe baki zan ce tun fil azal, sai murya ta fito daga ɗakin baya.

"Mai sunan Malam, me Baturen ke tambaya?"

Gwaggo ce, yayar mahaifina, ta haura tamanin. Kullum da safe ina gaishe ta daga bakin ƙofa, rediyo a kunne. Ta dogaro sandarta ta fito, ta zauna, ta ce in faɗa masa shekarar da aka ɗebi mutane aikin kuza ne. A ƙauyenmu na ƙasar Katsina mai gari ya bi gida-gida da dogarai, kowane gida a ba da namiji. Malam, wato kakana wanda na ci sunansa, yana tsakar yankan dawa aka tafi da shi. Suka taka a ƙasa har Funtuwa, jirgi ya kai su Zariya, daga nan aka zuba su a ƙaramin jirgi mai tafiyar hawainiya.

Ƙaramin jirgin da na yi wa tari ɗazu ke nan. Layin dogo ne siriri da aka shimfiɗa daga Zariya ya hawo tudu a 1914 don kwasar kuza, aka rufe shi a 1957.

Ta ce da riga ɗaya ya zo. Sanyin bariki ya kashe mutane ba adadi, mutanen da ba su taɓa sanin irinsa ba, suna wuni cikin ruwa da kwano a ka, su kwana ba bargo. Shi abin da ya cece shi, wani heluma ya lura yana da karatu, ya sa shi rubuta sunayen lebura da ajami. Da aka sallami mutane ya ƙi komawa, ya aika aka kawo iyalinsa, ita tana 'yar shekara shida, suka sauka a Gangare. Ta faɗi sunan wanda ya ba su ɗaki, da kuɗin hayar, da launin akuyar da suka zo da ita.

Baƙo ya tambayi shekara.

"Lokacin yaƙin Hitila mana," in ji Gwaggo.

Na tsaya ina neman yadda zan nannaɗe maganar, na fara cewa wani yaƙi ne da aka yi can da daɗewa. Amma sunan nan ba ya bukatar tafinta. Ya ajiye fensir. Ni kuma a lokacin wani abu ya faɗo mini. Na daɗe da sanin Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, na sha faɗa a majalisa. Abin da ban taɓa haɗawa ba shi ne Malaya ce rumbun kuzar Ingila, da ta suɓuce sai suka juyo kan tudun Jos da aikin tilas, har zuwa 1944. Na san labarin Malaya sarai, ban san ita ta kawo ni Unguwar Rogo ba.

Ya jawo littafin ƙauyensu, ya buɗe wajen ƙarshe. Hoton wani dutse ne a gaban coci, an sassaƙa sunaye a jere, na 1914 zuwa 1918 a sama, na 1939 zuwa 1945 a ƙasa, na ƙasan sun fi yawa. Ya ɗora yatsa a kan ɗaya. Wan mahaifinsa ne, an tafi da shi Rasha yana ɗan shekara goma sha tara, bai dawo ba. Na fassara wa Gwaggo. Ta karɓi littafin, ta kai shi dab da ido, a juye, ta daɗe tana kallo.

"Allah sarki. Ashe su ma ɗibarsu aka yi."

Ta kwance bakin zane ta ɓara goro ta miƙa masa rabi. Ya ci, fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka, ya haɗiye don kara. Suka yi awa biyu, ita tana faɗa, shi yana rubutu, ni a tsakiya kamar wayar tarho. Kilina tana kan tabarma, ta koma kamar ƙwayar gurjiya, ba wanda ya taɓa ta. Da zai tafi Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai kuma ina ɗaya takalmin?"

Bayan wata uku ɗan yayata ya turo mini hoto ta WhatsApp. 'Yar mujallar ƙungiyar tarihin ƙauyen ce, shafi biyu cur a kan Jos. Ga Gwaggo da sandarta, ga tsohon baduku da tabaraunsa, ga kan Nok. A kusurwar ƙasa ga ni, riƙe da galan. Na ce ya fassara mini abin da aka rubuta a ƙarƙashi. Ya yi ta kwana-kwana, sai da na rantse masa ba zan ji haushi ba.

"Kawu, cewa aka yi, direbanmu mai fara'a."

Kuskuren da na yi shi ne na nuna hoton a majalisa, ina tsammanin ba mai jin Jamusanci. Na manta wayoyin yanzu suna fassara. Yau wata na biyar ke nan ba wanda ya ce mini Farfesa, har mai shayi in zai miƙo kofi sai ya ce, "Direba, a sa madara?"

Takalmin dai baƙi ne, ƙafar hagu, lamba 43, sawu ɗaya aka yi masa, yana cikin laka a bayan Naraguta. Duk wanda ya tono shi, don Allah ya kawo mini gida, ɗan'uwansa na ƙarƙashin gado. Kada a kai shi gidan tarihi, wani ya zo ya dafa gilashi ya ce na sarkin yaƙin Jos ne.